Watandar wutar lantarki: yadda garuruwan Amurka ke saya wa mazaunansu wuta a sari

Magidanci yana zaune a gidansa a Boston, sai ga wasiƙa ɗauke da tambarin hukumar birni tana sanar da shi cewa an saka shi cikin shirin sayen wutar lantarki na gari, in ba ya so ya mayar da katin da ke ciki kafin kwana 30. Shi bai nema ba, bai sa hannu a ko'ina ba. To damfara ce? Ko gari ne ya ƙwace kamfanin wuta? In an ɗauke wuta wa zai kira? Sannan babbar tambaya: kuɗin da yake biya zai ragu ko zai ƙaru?

Irin wannan wasiƙa ta shiga miliyoyin gidaje a kimanin jihohi 10 na Amurka, cikinsu har da Massachusetts, Ohayo, Illinois, Kalifoniya, New Jersey, New York da New Hampshire. Sunan tsarin a takardun hukuma Community Choice Aggregation, ana taƙaita shi CCA, wasu jihohin kuma suna ce masa municipal aggregation. Abin da ya fi kama da shi a rayuwar Bahaushe shi ne watanda: mutane da yawa su haɗa buƙatarsu, wakili ɗaya ya je kasuwa ya yi ciniki da sunan kowa, a raba. Sai dai akwai inda kamar ta tsaya, kuma daga nan yawancin rashin fahimtar ke tasowa.

Takardar kuɗin wuta kashi biyu ce

Wanda bai raba takardar kuɗin wutar Amurka gida biyu ba, ba zai gane shirin ba. Kashi na farko kuɗin ita kanta wutar ce, wadda aka samar a tasha. Kashi na biyu kuɗin kawo ta ne: manyan layuka, falwaya, taransifoma, mita, ma'aikatan gyara da aikin lissafi. Duka biyun ana auna su da kilowat-awa, wato yunit ɗin da mai mitar kati ya sani, wutar da na'ura mai cin wat 1,000 za ta sha cikin awa ɗaya.

A da kamfani ɗaya ne ke riƙe da komai tun daga tasha har ƙofar gida. A ƙarshen shekarun 1990 wasu jihohi suka raba aikin. Kamfanin wayoyi, wato mai riƙe da wayoyin wuta da falwaya, ya ci gaba da riƙe yankinsa babu kishiya, domin ba wanda zai kafa falwaya biyu a layi ɗaya, amma sayar da wutar aka buɗe shi ga kasuwa. Wanda ya ga yadda aka raba tsohuwar NEPA zuwa kamfanonin samarwa, na dako da na rarrabawa 11, aka kuma sayar da yawancinsu a 2013, ya san kamannin abin. Bambancin shi ne a waɗannan jihohin an bai wa magidanci da kansa damar zaɓar wanda zai saya wa wuta.

Mafi yawan mutane ba su taɓa zaɓa ba. Don haka doka ta ɗora wa kamfanin wayoyi ya riƙa sayo musu wuta a kasuwa ta hanyar gwanjo, ya miƙa musu a kan kuɗin da ya sayo. Wannan shi ne farashin kamfani. A Massachusetts yana canzawa duk wata shida ga gidaje.

Shirin gari kashi na farko kaɗai yake taɓawa. Waya, mita da falwaya duk suna nan hannun kamfanin da aka sani, Eversource ne ko National Grid ko ComEd ko PG&E. Shi ne zai aiko da takardar kuɗi guda ɗaya kamar kullum, shi za a kira in bishiya ta faɗo kan waya, shi ne kuma mai ikon yanke wuta in an ƙi biya. Layi ɗaya ne kawai ke canzawa a takardar: sunan mai sayar da wutar da farashin yunit. Ma'ana ko da gari ya samo rangwame mai kyau, a kan wani ɓangare na kuɗin ne, kuɗin dako ba ya motsi.

Kada a haɗa wannan da garuruwan da suka mallaki kamfanin wutarsu ɗungurungum, kamar Los Angeles, Seattle ko Austin. Wancan wani abu ne daban, kuma mai tsada: birnin Boulder na Colorado ya shafe kusan shekara goma yana ƙoƙarin karɓe wayoyi daga kamfanin Xcel, a 2020 ya haƙura. Shirin da ake magana a kai ba ya buƙatar gari ya sayi ko turke ɗaya.

Yadda gari ke kafa shirin

Massachusetts ce ta fara ba gari damar saka mutane ba tare da sun nema ba a dokarta ta 1997, kuma a shekarar aka kafa Cape Light Compact, gamayyar garuruwa 21 na yankin Cape Cod da tsibirin Martha's Vineyard. Ohayo ta biyo baya a 1999, Kalifoniya a 2002, Illinois a 2009.

Mataki na farko izini ne daga jama'a. A Ohayo da Illinois sai an yi ƙuri'ar raba gardama kafin gari ya iya saka mutane kai tsaye. A Massachusetts ƙuri'ar majalisar birni ko ta taron gari ta wadatar. Daga nan gari ya rubuta tsarinsa, a baje shi jama'a su yi tsokaci, a jihohi irin su Massachusetts kuma a kai wa hukumar jiha mai sa ido kan kamfanonin wuta ta amince. Wannan matakin shi ya fi cin lokaci. A Massachusetts akwai garuruwan da suka jira fiye da shekara.

Ƙananan garuruwa ba su da masanin kasuwar wuta a ma'aikatansu, sai su ɗauki dillali. Ba daga asusun gari ake biyansa ba, la'adarsa tana cikin farashin yunit, kuma abin da aka saba a Massachusetts shi ne kashi ɗaya cikin goma na senti a kan kowane yunit. Ga gidan da ke shan yunit 600 a wata, senti 60 ke nan, ba wanda zai lura. Amma garin da ke shan yunit miliyan 100 a shekara ya biya dillali dala 100,000. Wannan ya sa ya kamata mazauna gari su tambayi yadda aka zaɓe shi da tsawon wa'adinsa.

Dillali zai karɓo bayanan shan wutar garin na aƙalla shekara guda daga kamfanin wayoyi, ya aika wa kamfanonin sayar da wuta masu lasisi, su yi tayi. Tayin ba ya kwana. Kasuwar sari tana motsi kowace awa, don haka farashin da aka bayar da safe na 'yan awanni ne, shi ya sa majalisa ke bai wa shugaban mulkin gari ikon sa hannu a ranar, ko ya ƙi duka tayin a sake gwadawa wani watan. Kwangilar yawanci shekara ɗaya zuwa uku ce, a kan tsayayyen farashi.

Abin da ke cikin farashin ba wuta kaɗai ba ce. Akwai kuɗin ko-ta-kwana da ake biyan tashoshi don su kasance a shirye ranar da buƙata ta yi tsanani, akwai kason wuta mai tsafta da dokar jiha ta wajabta, akwai wutar da ke salwanta a kan waya, sannan ribar kamfani da ladan kasadar da ya ɗauka. Kusan kowace kwangila tana kuma da wani tanadi a ciki: in doka ko ƙa'idar kasuwa ta canza ta ƙara wa kamfani tsada, zai iya neman ƙari a tsakiyar wa'adi. Wato kalmar tsayayye ɗin ma da sharaɗi.

Shiru a nan yarda ce

Ga inda watanda da wannan shiri suka rabu. A watanda kai ne za ka je ka rubuta sunanka ka ba da kuɗinka. A nan an riga an rubuta ka, sai in ka ce a cire. A Massachusetts wa'adin ƙin shiga kwana 30 ne, a Ohayo kwana 21. A Kalifoniya ana aiko da sanarwa biyu cikin kwana 60 kafin a fara, da wasu biyu cikin kwana 60 bayan an fara.

Wannan ne ya fi ɓata wa mutane rai, kuma ƙorafinsu yana da tushe: ba kowa ke buɗe wasiƙa ba, ba kowa ke karanta Turanci ba. Masu kare tsarin suna da amsa biyu. Ta farko, wanda bai zaɓa ba dama can wani ne ke zaɓa masa, wato kamfanin wayoyi. Abin da ya canza kawai shi ne mai zaɓen ya zama hukumar da zai iya kayarwa a zaɓe. Ta biyu, in aka ce sai wanda ya zo da ƙafarsa, shirin ba ya tashi. New Hampshire ta yi doka irin wannan tun 1996 amma a kan sharaɗin kowa ya rubuta kansa, dokar ta kwanta sama da shekara 20 kusan ba amfani. Sai da aka gyara ta a 2019 aka yarda a saka mutane kai tsaye, sannan garuruwa suka fara shirye-shiryensu a 2023. Mai sayarwa ba zai rage farashi ba sai ya ga yawa, kuma babban abin da yake ragewa shi ne kuɗin talla da farautar kwastoma ɗaya-ɗaya.

Ba kowa ake sakawa ba. Wanda ya riga ya ƙulla kwangilarsa da wani kamfani ba a taɓa shi. In yana son shiga sai ya duba ko akwai tarar fita a tsohuwar kwangilar. Ɗan hayar da kuɗin wuta ke cikin kuɗin hayarsa ba shi da ta cewa, domin asusun na mai gida ne. A Ohayo masu ƙaramin ƙarfi da ke cikin shirin jiha na biyan kuɗin wuta gwargwadon samunsu ba a saka su. A Massachusetts kuwa rangwamen masu ƙaramin ƙarfi yana ci gaba ko mutum yana cikin shirin gari.

To, ya fi araha?

Wani lokaci ƙwarai, wani lokaci a'a, kuma da wuya gari ya iya yin alkawari. Wasiƙun Massachusetts ma suna faɗa ƙarara cewa ba a tabbatar da rangwame ba. Dalili shi ne ana gwada abu biyu da ba a saya lokaci ɗaya ba: farashin gari da aka ƙulle na shekara biyu, da farashin kamfani mai canzawa duk wata shida. Kamar wanda ya sayi hatsin shekara da kaka ne da wanda ke awo kowace kasuwa. Yawancin shekaru na farkon ya more, amma shekarar da farashi ya karye bayan ya saya, mai awo ne ke dariya.

Mutane suna ɗauka yawan jama'a ne ke kawo araha. Yawa yana taimakawa, amma kaɗan ne, domin kamfanin wayoyi ma a sari yake saye, kuma ya fi kowane gari yawan kwastoma. Abin da gari ya fi shi da shi, 'yancin zaɓar lokaci ne. Kamfani dole ya fita gwanjo a ranakun da hukuma ta tsara, kasuwa ta yi daɗi ko ta yi zafi. Gari yana iya jira.

Hunturun 2022 zuwa 2023 ya nuna fuskokin biyu. Bayan Rasha ta shiga Yukren farashin iskar gas ya tashi, kuma yankin New England, inda Massachusetts take, da gas yake samar da kaso mai yawa na wutarsa. Farashin National Grid a Massachusetts ya kai kusan senti 34 a yunit daga Nuwamba 2022. Na Eversource a yankin Boston ya haura senti 25 daga Janairu 2023. Birnin Boston, da ya fara shirinsa a Fabrairu 2021 ya kuma ƙulle farashi kafin tashin, a lokacin yana sayarwa senti 11 da 'yan kai. Ga gida mai shan yunit 600, bambancin ya wuce dala 80 a wata.

A Ohayo abin ya juye. NOPEC, gamayyar garuruwan arewa maso gabashin jihar da aka kafa a 2000, farashinta yana bin kasuwa a lokacin, na kamfanonin wayoyi kuma an sayo shi tun kafin tashin. Ratar ta yi faɗi har a watan Agusta 2022 gamayyar ta yanke shawarar mayar da kimanin kwastoma 550,000 ga kamfanonin wayoyi, ta sake ɗaukar su a tsakiyar 2023. Ta kuɓutar da mutanenta daga tsada, amma ta jibga wa waɗanda suka ci gwanjon sayar wa kamfanonin wayoyi wuta nauyin da ba su shirya masa ba, kuma masu tayi ba sa manta irin wannan: a gwanjo na gaba sai su saka kasadar cikin farashi, kowa ya biya.

Shikago ma ta ɗanɗana. Mazauna birnin sun amince da shirin a ƙuri'ar Nuwamba 2012, lokacin da ComEd, kamfanin wayoyin birnin, ke ɗaure da tsofaffin kwangiloli masu tsada. Da waɗancan kwangilolin suka ƙare farashin ComEd ya sauko, ribar ta gushe, a 2015 birnin ya mayar da mutane inda suka fito. Wannan ba faɗuwa ba ce. Gari mai hankali in tayi bai yi kyau ba, dakatarwa yake yi.

A shekarar da kasuwa ke kwance, abin da gida zai samu ba shi da yawa. A ɗauka farashin kamfani senti 15 ne, na gari 13.5: yunit 600 ya ba da ragin dala 9 a wata, dala 108 a shekara. Wani abin lura kuma, akwai tsadar da ba ta ƙyale kowa. A kasuwar PJM, wadda ta haɗa Ohayo, New Jersey da arewacin Illinois, gwanjon 2024 ya ɗaga kuɗin ko-ta-kwana daga kimanin dala 29 zuwa kimanin dala 270 a kan megawat ɗaya (wat miliyan ɗaya) a rana, ya fara aiki a Yuni 2025. Wannan ya shiga farashin gari da na kamfani baki ɗaya.

Kalifoniya dabam ce

A gabashin Amurka yawanci gari ɗan aike ne: ya ɗauko kamfani ɗaya, kasadar kasuwa tana wuyan kamfanin. A Kalifoniya garuruwa suna haɗuwa su kafa hukuma mai ma'aikata da asusu, ita ke ƙulla kwangilolin shekara 10 zuwa 20 da gonakin sola da na injinan iska, ita ke yanka farashi. Ta farko ita ce Marin Clean Energy, wadda ta fara a 2010.

A can kamfanonin wayoyi suna da tashoshinsu da dogayen kwangilolinsu, don haka ficewar kwastoma tana taɓa su, saɓanin gabas inda ba sa cin riba a kan wutar. A 2010 PG&E ya kashe kimanin dala miliyan 46 kan wata ƙuri'ar raba gardama da za ta wajabta samun kashi biyu cikin uku na masu zaɓe kafin a kafa irin wannan shiri. Masu zaɓe suka ƙi.

Rigimar da ta rage ita ce ta kuɗin fita, wanda ke bayyana a takarda da sunan PCIA. Hujjarsa: kamfani ya sayi wuta ta shekaru da sunan mutanen da yanzu suka tafi, bai kamata waɗanda suka rage su ɗauki asarar su kaɗai ba. Hujja ce mai kyau, amma lissafin yana canzawa kowace shekara, kuma yana iya cinye ragin da gari ya samo. Mai kwatanta farashi a Kalifoniya dole ya haɗa farashin gari da wannan kuɗin kafin ya gwada da na kamfani. Kuma tunda hukumar ce ke ɗauke da kasada, tana iya karyewa. Western Community Energy ta gundumar Riverside ta karye a 2021, shekara guda da farawa, bayan tsadar wuta lokacin matsanancin zafin 2020 da bashin da kwastomomi suka tara a annobar korona. Ba a ɗauke wa kowa wuta ba, an mayar da su ga kamfanin wayoyin yankin, Southern California Edison.

Batun wuta mai tsafta

Garuruwa da yawa ba don araha kaɗai suka shiga ba, suna son ƙara kason hasken rana da iska. Shi ya sa wasiƙa kan zo da zaɓi biyu ko uku: mafi arha mai cika sharaɗin doka kawai, na tsakiya da ake saka kowa a ciki, da na kashi 100.

Wutar da ke shiga gida ba ta canzawa. Layin wuta kamar kogi ne da rafuka da yawa ke zuba a cikinsa, ba mai iya ware ruwan wani rafi a bokitinsa. Abin da ake saya takardar shaida ce, kowace ɗaya tana wakiltar yunit 1,000 da aka samar daga iska ko rana. Kuma takardun ba darajarsu ɗaya ba. Ta gonar iska a Teksas, inda suka yi yawa, tana da arha sosai kuma sayenta ba ya sa a gina sabon abu. Ta sababbin tashoshin yankin da mutum yake ta fi tsada, amma ita ce ke matsa wa kasuwa ta ƙara gini. Garin da ya ce wutarsa kashi 100 mai tsafta ce a kan kusan farashin da aka saba, a tambaye shi takardun ina ya saya.

Masu ƙwanƙwasa ƙofa

Duk garin da ya fara shiri, sai 'yan tallan kamfanoni masu zaman kansu su bazu, wasu suna cewa daga gari suke, suna neman a nuna musu takardar kuɗin wuta. Lambar asusun da ke jiki suke so, domin da ita ake canza wa mutum mai sayarwa. Salon sananne ne: farashi mai sauƙi na 'yan watanni, daga nan ya koma mai canzawa ya yi sama. Rahoton ofishin babbar lauyar jihar Massachusetts na 2018 ya gano cewa gidajen da suka ƙulla irin wannan kwangila ɗaya-ɗaya sun biya ƙarin dala miliyan 176.8 cikin shekara biyu a kan abin da da sun biya a farashin kamfani, kuma unguwannin talakawa abin ya fi shafa. Shirin gari ba ya aiko da mutum ƙofa, ba ya buga waya neman lambar asusu, domin ya riga ya samu jerin sunaye daga kamfanin wayoyi.

Abin da za a duba in wasiƙar ta zo

A ɗauko takardar kuɗin wuta ta ƙarshe, a nemo farashin yunit a kashin wuta, ba jimillar kuɗin ba. A gwada shi da na wasiƙar, a ninka bambancin da yunit ɗin da gidan ke sha. Sannan a duba ranar da kowane farashi zai ƙare, domin gwada farashin shekara biyu da na wata shida guda ɗaya yaudarar kai ce. Gara a duba abin da kamfani ya caja a hunturu biyu da suka wuce. Gidan da ke ɗumama ɗaki da lantarki, farashin hunturu ne ya fi damunsa.

Mai sola a rufin gida da mai biyan tsayayyen kuɗi kowane wata su tambaya musamman, domin ƙa'idarsu ta bambanta daga kamfani zuwa kamfani. A kuma karanta sharaɗin fita. A Massachusetts ana fita kowane lokaci ba tara, canjin yana kama aiki ranar karanta mita ta gaba, amma a wasu garuruwan wanda ya fita ya dawo farashin kasuwar ranar zai samu, ba na shirin ba. A yankin PG&E wanda ya koma kamfani bayan kwana 60 na farko sai ya shekara kafin ya iya dawowa. In wa'adin kwangilar gari ya cika kuma aka sabunta, yawanci mutum yana zarcewa a sabon farashi ba tare da ya yi komai ba. Sanarwar takan zo a wasiƙa ko a shafin gari, kuma takan yi kama da takardar talla.